Bindigar Kaka Glenys Na Neman Ƙafa

"Au, ashe kin kwana? Ni har na fara auna ɗakinki da ido, na ga zai ci buhunan dusa."

"Na kwana, sai ka mutu da baƙin ciki. Shigo da kunnuwan nan a karkace, kada ka kwaso min labule."

Haka Fergus da kakarsa Glenys suke gaisawa kullum safiya, tun yana ɗan mitsitsi sai ya hau kujera yake kai teburi. Baƙo in ya ji sai ya ce gidan ba tarbiyya. Mu da muka san su kuwa, ranar da muka ji sun gaisa cikin ladabi ita ce ranar da muke tambaya ko lafiya.

Bana an yi irin waɗannan ranakun, ba kaɗan ba. Babur ne ya kayar da Fergus wajen kora tumaki, ya faɗi kan kafaɗar hagu. Ƙashi ya ɗoru, jijiya ta ƙi. Hannun yana nan, yana motsi, yana sa riga, amma duk abin da ya fi kofin shayi nauyi ba ya iya riƙe shi a sama. Ana cikin haka wani karen daji ya sami kafa a shingen waya, ya shiga yi musu ɓarna a tsakiyar haihuwar tumaki. Da ci yake yi ma da sauƙi. Sai ya farke wannan ya bar ta da rai, ya koma kan waccan. Wata safiya Fergus ya tarar da shi a bakin tafkin da dabbobi ke shan ruwa, ga shi nan kusa, ya ɗaga bindiga, hannun hagu ya saki. Bakin bindiga ya kalli ƙasa, kare ya kalli Fergus, ya juya ya tafi abinsa ko sauri bai yi ba. Glenys tana cikin a-kori-kura, ta ga komai, ta yi kamar tabaraunta take nema. Da suka koma gida ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe. Ba a jima ba ya ce ya sami aiki a birnin Toowoomba, a kantin abincin dabbobi, ƙarshen wata zai tafi. Makiyayin da ba zai iya tsare tumakinsa ba, in ji shi, gara ya koma bayan kanta.

Glenys ta san in ya tafi ya tafi kenan. Ta kuma san in ta ce masa ga abin da zai taimake ka, ta gama ɓata komai, don jininta ne. Ita kanta tun da aka yi mata aikin ƙugu likita ya ba ta kwagiri, yana can bayan a-kori-kura cikin igiyoyi da jarkoki, 'yan kwikwiyo sun cinye robar gindinsa. Ta gwammace ta dafa bango, ta dafa kare, ta dafa duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta kusa da ita. Saboda haka ta zauna ta ƙulla dabara. Akwai wasu ƙafafu biyu na ƙarfe da ake ɗaura wa bindiga ta ƙarƙashin baki, su ɗauke nauyin da hannun hagu ke ɗauka. Za ta ce ita ke so. Shi ya sa tun farkon mako hannunta ya kama rawa.

Ta ɗauki kofi, kofi ya shiga kaɗa faranti har shayi ya zuba a kan burodinta.

"Wannan kuma ƙararrawar coci ce ko karin kumallo?" in ji Fergus.

"Tsufa ne ya biyo ta hannu. Shanye shayinka ka kai ni gari, ƙafa zan saya wa bindigata."

"Ƙafa? Ita ma ta gaji da ke, gudu za ta yi?"

"Karen nan zan kashe. Jiya ma ya taɓa tumaki biyu, ɗaya ba za ta tashi ba."

Fergus ya ɗan tsaya da tauna, sannan ya ci gaba. "Ke, da wannan hannun? Ki auna kare ki sami tankin ruwan maƙwabta. Tsaya ma tukuna. Jiya ba hannun dama ne yake rawa ba?"

Glenys ta dubi hannun hagunta, ta tsine wa mantuwa a zuci.

"Karɓa-karɓa suke yi. Da bakinka zai koyi haka, da gidan nan ya huta."

"Banza dai ba ta kai zomo kasuwa."

"Shi ya sa zan tafi da kai, ko a sami mai saye. Kunnuwan sun isa yanka."

Tafiyar gari doguwa ce, kuma duk tsawonta musu suka yi ta yi, ita tana cewa tuƙinsa irin na mai ɗauke da ƙwai ne, shi yana cewa ba ƙwai ya ɗauko ba, kayan tarihi ne, in suka fashe ba a samun irinsu. Sau ɗaya kawai suka yi shiru, da suka wuce ta gefen tafki. Kowa ya sami abin kallo a tasa tagar.

Kantin Trevor yana kan babban titin garin Cunnamulla, tsakanin mai faci da gidan burodi. Trevor ba ya sayar maka da abin da ka zo saya, sai abin da ya ga ya dace da kai, kuma kafin nan sai ya titsiye ka da tambayoyi kamar likita. A tsakiyar kantin akwai wani tsohon kafet da ya koɗe, da bindigar katako da ya sassaƙa da kansa, ya cusa mata dalma don nauyi ya zo daidai, ya ɗora mata tsohon madubin auna. Duk mai sayen ƙafar bindiga sai ya kwanta a kafet ɗin nan ya gwada, ko da kwat ya zo. Glenys ta san wannan sarai. A kan kafet ɗin ta gina dabararta gaba ɗaya.

"Glenys," in ji Trevor daga bayan kanta, "yau da saurayi aka fito?"

"Wannan? Ko kyauta aka ba ni sai an haɗo min da ciko. Direba ne."

"Ɗan dako dai," in ji Fergus. "Tsohon kaya na kawo maka, Trevor, ko kana karɓar musaya."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, ja'iri."

"Wannan ta wuce zuma, ta koma kaki."

Trevor ya bari suka sha iska, sannan ya tambayi abin da ya kawo su.

"Ƙafar bindiga," in ji Glenys. "Tawa." Ta miƙa hannu ta kaɗa masa shi a gaban hanci.

Trevor ya dubi hannun. Wannan fa matar da ta shekara da shekaru tana kwashe kofin harbi a bikin baje kolin gari ce, har maza suka riƙa tuna suna da aiki a gida ranar gasa.

"To. Me za a harba, daga ina, a kwance ko a zaune?"

"Kai ɗan sanda ne? Ba ni ƙafa in tafi."

"Ƙafa ai ba ɗaya ba ce, Glenys." Ya shiga jero su a kan teburin kantin.

Fergus ya ciccibi wata ƙatuwa mai faɗi da hannun dama. "Ga taki, Kaka. In kin gaji ki zauna a kai."

"Wannan ta 'yan gasa ce," in ji Trevor, "masu harbin takarda daga kan tebur. Nauyinta shi ne amfaninta, in ka dasa ta ba ta motsi. Amma takarda tana jira, kare ba ya jira. Kafin ki kai ta bakin tafki ki buɗe, ya sha ruwa ya yi wanka ya tafi."

"Wannan siririyar fa?" Fergus ya ɗaga wata. "Sak ƙafafunki a hoton bikinki."

"Ƙafafun nan su suka sa kakanka ya sayar da dokinsa ya saya min zobe. Kai wa ya taɓa bin ka, ban da ƙuda?"

"Ta masu hawa duwatsu neman barewa ce," in ji Trevor, "waɗanda ko cokali sai sun auna nauyinsa kafin su sa a jaka. Ku da mota za ta kai ku kusa, ba ruwanku da ita. Yanzu sai tsawo. Gajera ta mai kwanciya rub da ciki ce a fili, ita ta fi kowacce tsayawa cak. Doguwa ta mai zama ce, in ciyawa ta rufe gaba. Bana kuwa an sami ruwa."

"A kwance," in ji Glenys. "Kan gaɓar tafki ta gabas, rana a bayana."

Fergus ya kwashe da dariya. "Ke za ki kwanta? A ƙasa? Trevor, kana sayar da ƙugiyar ɗaga inji? Ranar da ta sunkuya ɗaukar cokali sai da muka kai mata abincin rana a can."

"Ƙarya dai fure take."

"Kare zai zo ya shinshina ta, ya ɗauka wani ya riga shi."

"Ya matso in shaƙe shi, an huta da ɓarnar harsashi."

"Ga tsidau, ga cinnaku."

"Cinnaku sun san wanda suke cizo. Fata mai laushi suke bi, irin ta 'yan kanti."

Maganar ta kuɓuce mata kafin ta kama ta. Fergus ya yi dariya, amma dariyar ta makara. Glenys ta ji haushin bakinta, abin da ba ta cika ji ba.

Trevor ya yi gyaran murya. "Gaɓar tana da gangara?"

"Tana da ita. Ciyawa kuma ta kai ƙwauri ta gefe ɗaya."

"To matsakaiciya, wadda ake ƙara wa tsawo in ciyawa ta tare, mai wuya mai karkata. Ƙafa ɗaya ta hau tudu, ɗaya ta sauka, bindiga ta tsaya daidai." Ya ture sauran gefe, ya bar biyu. "Wannan sai ki riƙe da hannu ɗaya ki murɗa da ɗaya. Ta fi ƙarko."

"Ba na so. Wadda hannu ɗaya zai buɗe nake so, ya ja, ya kulle, duka da na dama."

"Ai hannu biyu gare ki," in ji Fergus.

"Ɗaya yana hutu, ban faɗa maka ba?"

Trevor ya dubi hannunta, wanda ya manta da rawa yana kwance lafiya lau a kan teburin kantin. Ya dubi hannun hagun Fergus da ke cikin aljihu. Ya gyara tabarau, ya ɗauki ɗaya ƙafar, mai sifirin, ya ɗaura ta a bindigar katako.

"Ga kafet nan."

"Ni? Da ƙugun ƙarfe? So kake ka rufe kanti da ni a ciki. Mai kunnuwa ya kwanta min, ai tsawonmu ɗaya."

"Tsawonmu ɗaya? In kin hau buhu biyu kya kai min hammata."

"A kwance ba dogo ba gajere. Ko tsoron bindigar katako kake ji? Trevor, cire mata harsashi, yaro ya firgita."

"Ka ga abin da nake fama da shi," in ji Fergus.

"Doka doka ce, samari," in ji Trevor. "Wani dai sai ya kwanta."

Kwanciya da hannu ɗaya ba ta da kyan gani. Gwiwa ta fara sauka, ɗayar ta bi, sannan hannun dama, na hagu ya biyo baya kamar baƙon da bai san gida ba. Glenys ta juya baya tana karanta jikin gwangwanin man bindiga, sai ka ce ta tarar da labari a ciki.

Ta ji ƙas, ta sake jin ƙas. Ƙafafun sun buɗe, da babban yatsa kawai ya tura su. Trevor ya shuro masa wata 'yar jaka da ƙafa.

"Sa wannan a ƙarƙashin gindin bindigar. Yashi ne a ciki. Ita sai ta ɗora hannun da ke hutu a kai kawai, ba ɗagawa, ba riƙewa."

A can ƙarshen kantin akwai murfin gwangwani da aka kafe a bango. Fergus ya kwantar da kunci, ya sa ido a madubi. Sai a lokacin Glenys ta juyo, kuma ba fuskarsa ta kalla ba. Bakin bindiga shi ke tona asirin maharbi, ta san wannan tun tana budurwa. Bakin wannan bai motsa ba ko kaɗan. Ta ga ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe sauran, yadda ta koya masa a bayan ɗakin aske tumaki. Ta ga yatsansa ya lanƙwashe a kan kunamar katakon da ba ta ɗanawa. Rabon da ta ga kafaɗunsa sun saki haka tun kafin babur. Murna da tausayi suka haɗe mata, kuma ta san in ta bari shirun ya yi tsawo sai ta yi abin kunya a gaban Trevor.

"Ya yi barci, Trevor. Kawo bargo."

"Duba miki nake yi," in ji Fergus daga ƙasa, murya ƙasa-ƙasa. "Kayan tsofaffi sai an duba da kyau."

"To ya ka gani?"

"Ba laifi. Ko gawa aka kwantar a bayan wannan sai ta sami murfin."

"To ka ga kai ma kana da rabo."

Ya ɗan ƙara jimawa kafin ya tashi, ba wanda ya hanzarta shi. Da ya miƙe yana kakkaɓe wando, Trevor ya jawo wani faranti cike da 'yan ƙananan kaya.

"Saura takalmi. Tsini na ƙasa mai tauri ne, ya cije kada ƙafa ta zame. Roba ta kan dutse ce, ko kan bonet ɗin mota."

"Duka biyu," in ji Glenys. "Gaɓar ta bushe kamar siminti, amma wani sa'in daga kan mota ake harbi. Duk wanda ya karce min bonet kuwa na cire shi daga wasiyya."

"Wace wasiyya? Haƙoran roba da kaji masu ƙin ƙwai?"

"Za ka ga haƙoran roba ranar da suka kama ka."

Glenys har ta fara jin ta ci nasara. Sai Trevor ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya daɗe a can fiye da yadda nema ke buƙata, ya fito da wasu ƙarafa biyu ya ajiye.

"Abu ɗaya ya rage, kuma ba yadda zan yi in tsallake shi," ya ce, yana kallon silin. "Maɗauri. Wannan yana kama ɗan ƙullutun da ake ɗaura igiyar rataya. Wannan kuma na bindigogin zamani ne, masu ƙarfe a ƙasa mai haƙora kamar mataji. Na wannan ba ya shiga waccan."

Glenys ta ƙura wa ƙarafan biyu ido. Ta shirya rawar hannu, ta shirya kafet, ta shirya amsar kowane zagi, amma wannan bai faɗo mata ba. Bindigarta ta ubanta ce, ta katako, ɗan ƙullutu gare ta. Haƙora kuwa a gidan nan, ban da nata masu kwana a kofi, bindiga ɗaya ce ke da su, kuma tana kulle a akwatin ƙarfe.

"Mai ƙullutu," in ji Fergus. "Bindigarta ai da ita aka tsare jirgin Nuhu. Naɗe mana, Trevor."

Trevor ya jawo takarda a hankali, ya shimfiɗa, ya gyara mata kunne. In Glenys ta yi shiru asiri ya rufu, su koma gida da ƙafar da ba za ta hau bindigarsa ba, wata kuma ya ƙare. In ta yi magana, ta san abin da zai biyo baya.

"Ajiye wannan," ta ce. "Mai haƙoran nake so."

Fergus ya juyo ya dube ta.

"Yaushe bindigarki ta fito da haƙora, Kaka?"

"Waɗanda suka zube a bakin mai ita ne suka tsiro mata."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Ka taɓa shiga ne? Da kunnuwan nan ai ko ƙofar ramin ba za ka wuce ba."

Bai yi dariya ba, bai kuma rama ba, kuma rashin ramawar ya fi mata kowane zagi ciwo.

"Kin gani ranar nan," ya ce. "A tafki."

"Tabarau nake nema."

"Suna kan hancinki." Ya cusa hannun hagu can cikin aljihu. "Kin kwaso ni har gari, kin kwantar da ni a ƙasa a gaban mutane, don ki saya wa nakasasshe abin dogarawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Kaka. Ki bar ni in tafi da mutuncina."

"Jinka na ce ka ɗauka? Kare na ce ka harba, kuma yanzun nan na ga bakin bindiga a hannunka ko numfashi bai yi ba." Ta lalubi zagin da za ta ɗora a kai, zagi ya ƙi zuwa. "Ba na so ka tafi, Fergus. Ba don kare ba, kare ana iya kiran mai tarko. In ka tafi, wa zai tambaye ni da safe ko na mutu?"

Rabon da ta kira shi da sunansa ido da ido tun yana gadon asibiti. Ya juya ya fita, ƙofa ta rufe a bayansa.

"Yi haƙuri, Glenys," in ji Trevor. "Da na naɗe miki wanda ba zai shiga ba, da..."

"Yi min shiru."

Ta dafa teburin kantin. Ta kasa kunne tana jiran ƙarar inji, don ta san halin gidansu, kakansa ya taɓa barinta a bakin coci ya tafi da mota saboda maganar da ba ta kai wannan ba. Inji bai tashi ba. Abin da ta ji ƙarar jarkoki ce, kamar ana birkita bayan a-kori-kura.

Ƙofa ta buɗe. Fergus ya shigo da kwagiri, duk ƙura da gashin tumaki. Bai kalle ta ba. Ya wuce wurin farantin nan, ya tona, ya zaɓo robar ƙafa mafi girma, irin ta dogayen. Ya maƙale kwagirin a hammatar hagu, ya cusa robar a gindinsa da hannun dama, ya buga shi a ƙasa har ta zauna. Sannan ya miƙa mata.

"In kura na maganin zawo," ya ce, "ta yi wa kanta."

"Wannan na kashe maciji ne."

"Tun yaushe kike dafa bango, kina dafa firji? Karen gida har ya fara tafiya a karkace saboda ke. Trevor, ka san dokarka. Me za a yi da shi, daga ina zuwa ina?"

Trevor ya haɗe fuska irin ta aiki. "Daga kicin zuwa ɗakin kaji, in ban yi kuskure ba. Ƙasa mai tsakuwa, sai matakalar baranda. Roba ce daidai, ba tsini ba. Amma sai an gwada a kafet."

"Kun haɗa min kai, 'yan nema."

"Ciniki ne, tsohuwa," in ji Fergus. "Ƙafa biyu gare ni, ɗaya gare ki. In kin ƙi taki, na ƙi nawa. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma na san a kan wa na ga an fara naɗa shi."

Glenys ta harari kwagirin, ta harari jikanta. Ta fizge shi. Ta taka kafet ɗin daga wannan baki zuwa wancan, ta juyo, ta dawo, ba ta dafa kowa ba. Abin haushi, ƙugun ya ji daɗi, kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

"To ya kika gani?"

"Ba laifi. Kayan ragwaye sai an duba da kyau."

Fergus ya zaro lasisin bindigarsa daga aljihun baya ya ajiye a kan kanta. Ashe duk kwanakin nan yana tare da shi.

"Mai haƙoran, Trevor, da jakar yashin, da takalman duka biyu. Ka ƙara kwalin harsashi, irin nawa. Amma ka shaida, aro zan yi. Kayanta ne, gudu nake kada su lalace a hannu mai rawa."

"Na shaida," in ji Trevor, yana naɗi da sauri kada wani ya sake shawara.

"Ƙarshen wata fa?" in ji Glenys. Gwangwanin man bindiga take wa tambayar.

"In bar miki gona ki harbe tankin maƙwabta? Sai na ga bayan karen nan, in ga bayanki, in zuba dusata a ɗakin, sannan in yi shawara."

"To ka zauna kenan, don ni ba inda za ni."

Ta ɗaga kwagirin ta zungure shi a haƙarƙari, ya yi tsalle har ya kusa ture farantin Trevor. Ta dubi sandar, ta dubi inda ta samu, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har tana share ido da bayan hannu.

"Ashe yana da amfani. Shi ke nan, ka ci wannan. Ɗauki kayanka ka wuce gaba, mai kunnuwa, ka tare min rana."